Illo Mai Ara wa 'Yan Koriya Baki

Illo ɗan Sabon Birni ne, Bagobiri gaba da baya, da tsagarsa har gindin kunne. Allah ya ba shi baki ya hana shi marfi. Shekara shida rumfata ta facin taya tana jingine da shagonsa a bakin tasha, fallen kwano ɗaya ne tsakaninmu, ko tari ya yi sai na ce masa sannu. Saboda haka abin da za ni faɗa ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba.

Tun yana ƙarami abin da ya iya ke nan: ya ji magana a nan, ya kai ta can da muryar mai ita. Ya taɓa kwaikwayon ladan da hantsi, tsofaffi suka fito da butoci suna duban rana. Ubansa manomin gero ne mai kawaici, ya karya sanduna a bayansa har ya gaji ya bar wa Allah. Boko kuwa Illo ya baro ta a aji uku na sakandare, da Turancin da bai isa ya tambayi hanyar ban-ɗaki ba.

Shekara goma ya yi yana kabu-kabu tsakanin Sabon Birni, Tsamaye da Isa. Mutane na son hawa bayansa, don ba a jin nisan hanya. Labarin wanda ya sauke zai ba ka, kana ta dariya, ka manta kai ma in ka sauka naka zai ba na gaba.

Wata safiya a hanyar Tsamaye ya ɗauko wani tsoho da zabi biyu a hannu, sai 'yan bindiga suka fito daga cikin dawa. Tsohon kunnensa ya yi nauyi, bai ji tsawar da suka yi ba, ya ci gaba da riƙon zabinsa. Suka harbe shi a ƙirji yana zaune bayan Illo, jinin ya wanke wa Illo riga. Shi kuma suka kwantar da shi rubda ciki suka yi ta zabga masa kebur har fatar bayansa ta tashi, suka tafi da babur da zabin. Ya dawo gari a ƙasa, ba takalmi. Da damina ta zagayo suka tarar da ubansa a gona, suka sare shi tsakanin kunyoyi da hauyarsa a hannu. Illo ne ya ɗauko gawar a amalanke. Kwana bakwai ba wanda ya ji muryarsa. A na takwas ya fito yana kwaikwayon yadda masu ta'aziyya ke sa hannu a tuwo suna kuka. Wasu suka ce ba shi da zuciya. Ni dai ina ganin ba shi da wani wurin ajiye ciwo ne in ba baki ba.

Gonar ba mai iya zuwa nomanta, ya rabu da ita, ya sayi faifan sola biyu da tsohuwar kwamfuta, ya buɗe shagon cajin waya da tura fina-finai. A nan muka zama maƙwabta.

Matarsa Tasalla 'yar Tsamaye ce, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Za ka yini da ita ba ka ji kalma goma ba. Mutane na cewa an ɗaura wa rediyo aure da dutse. Haihuwarta uku, ba wanda ya yi wata biyu a duniya. A waje Illo ba ya rufe baki, amma a gida, in ji maƙwabta, sallamarsa ma da ƙyar ake ji.

Shekarar da aka kashe layukan waya aka hana hawa babur, gari ya zama kamar gidan makoki. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya nemi layin Nijar ya hau tudu yana ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. Waya ta koma fitila da abin kallo. A lokacin ne wani direba ya kawo wa Illo ɗan memori daga Maraɗi, da fim ɗin 'yan Koriya a ciki, kashi goma sha shida.

Mata da miji ne a saman wani bene da ya kusa taɓa hadari. Matar likita ce, mijin ma'aikacin kamfani. Gida tas, ruwa na zuwa da kansa, tebur cike da ƙananan kwanoni, su zauna suna ci da tsinke biyu ba mai duban wani. Ba yunwa, ba ɗan bindiga, amma auren na ci daga ciki kamar wutar ƙaiƙayi. Da an soyu sosai, fim ɗin na nuna haka, a sa kiɗa mai sanyi su yi ta tafiya ƙarƙashin laima ɗaya. Yanzu kuwa kowa da laimarsa. Maganar Koriyanci ce, rubutun ƙasa Faransanci. Illo ba ya jin ko "zo in kashe ka" a cikin biyun.

Na ce, "To uban 'yan iyawa, wannan da wane kunnen za ka ji?"

Ya ce, "Mi za ni yi da kunne? Dubi idon matar ga. Wagga ta yi wata shidda ba a ce mata ya jiki ba. Ko a Tozai haka suke yi in an ƙyale su."

Ya samo makirfo irin na masu wa'azi, ya sa wa fim ɗin suna Auren Bene. Bayan azahar sai ya ja ƙofa rabi, ya rataya bargo, ya kashe muryar 'yan Koriya ya sa tasa. Shi ne mijin, shi ne matar, shi ne tsohuwar mai shara. In bakin mutum ya motsa kaɗan ya sa gajeriyar magana, in ya daɗe yana motsi dole ya cika wurin. Da me zai cika? A nan gizo ke saƙa. Illo ba ya ƙirƙira, tsinta yake. Bencin shagonsa ba ya rabuwa da masu jiran caji, kuma mai jiran caji ba abin da ba ya faɗi. Abin da aka zubar a bencin da safe, da la'asar yana bakin ɗan Koriya.

Sunayensu ba sa zama a bakin mutanenmu, sai ya raɗa musu namu. Matar ya bar ta a Likita. Mijin kuwa, da yake yana tafiya da kafaɗa ɗaya a karkace, ya kira shi Alhaji Yari. Alhaji Yari na gaske ɗan kasuwar hatsi ne a garin, mai karkatacciyar kafaɗa da tsohuwar a-kori-kura da sai an tura take tashi. Bai yi fushi ba, daɗi ma ya ji.

Yakan tsaya bakin shago ya ce, "Kai ɗan nema, ka ba ni baƙar mota cikin waya, ka bar ni da wagga akwala a hili? Yaushe za a kawo min tawa?"

Illo ya ce, "Alhaji, sai ka shirya da Likita. Mutumin da bai iya ce ma matatai sannu ba, mi zai yi da mota mai sanyi?"

Fim ya kama gari kamar wutar daji. Kashi biyu yake saki a mako, daga waya zuwa waya, kafin kwana biyu ya kai Isa. Mata na kuka don Likita, maza na zagin Alhaji Yari suna komawa gida su yi abin da ya yi. Kowa kuma ya san har daji ana kallo, don 'yan bindiga ma da wayoyi suke yawo, kuma ba a rasa mai kai musu. Illo har alfahari yake da haka. Yana cewa ko ba komai ya zaunar da su na rabin awa.

Ba lokacin wasa da irin wannan magana ba ne. 'Yan sa-kai sun yi ƙarfi a garin, kuma shugabansu Is'haƙa, ƙanen Alhaji Yari ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahauci ne. Ya rataya layu har wuyansa ba ya juyawa, da doguwar bindigar maƙera a kafaɗa da wuƙar fawa a ƙugu. Ba za ni ci amanarsu ba, sun sha tare mana gari ranar da ba kowa. Amma kalma ɗaya ce in sun liƙa maka ka gama yawo: infoma. A gabana suka fito da wani mai burodi daga kasuwa da rana tsaka, wai yana kai wa 'yan daji. Ba a tambaye shi ko sunan ubansa ba. Suka kai shi bayan mayanka, muna ji yana kiran uwarsa, sai muka daina ji.

Kashi na bakwai ne ya fara ja wa Illo. A ciki Likita ta tsaya a madafa, ta juya wa mijin baya, ta yi ta magana tana kuka kusan minti huɗu. Abin da ke bencin bai isa ya cika wannan rami ba. Sai Illo ya sa hannu a cikin gidansa.

Tasalla ta ji shi a gidan suna. Mata sun kewaye waya ɗaya suna sharar hawaye, sai ta ji Likita na faɗin maganar da ita ta faɗa wa mijinta a ɗaka, ranar da aka dawo daga binne ɗansu na uku. Kalma bayan kalma, har inda muryarta ta sarƙe. Wata maƙwabciyarta da ke jin komai ta katanga ta ɗago ta dube ta, sauran matan suka bi idon.

Ta zo shago da rana, abin da ba ta taɓa yi ba. Benci a cike. Ta tsaya ta ce, "Illo."

Shekara goma sha biyu da aure ba wanda ya taɓa jin ta kama sunansa.

Ta ce, "Sau ɗaya na buɗe maka cikina. Ba ka ce min komi ba, ka tashi ka hita. Ashe ajiyewa ka yi."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba uwargida, ai 'yar Koriya ta. Wa ya san ke ce?"

"Ni na sani."

Ta juya. Da yake hanyar Tsamaye ba ta biyuwa, gidan yayanta ta koma a bayan kasuwa, ta kafa kaskonta a can. Ya aika biko sau biyu, aka dawo masa da goronsa. Na ce masa ya je da ƙafarsa ya durƙusa. Ya ce zai je in ya gama fim ɗin. Ka ji mutum.

Wata Talata da hantsi Alhaji Yari ya kawo caji. Ba kowa sai ni da Illo, ni ina cin gyaɗa a bencin. Ya rage murya ya ce jibi Alhamis zai kai wake Isa, amma ba ta babban titi ba, ta ɓarauniyar hanya ta wajen Tozai, da sassafe, daga shi sai direbansa Anas. Ya ce ko iyalinsa bai faɗa wa ba, mu rufe maganar. Ya ce in ce wa Anas ya kawo tayar baya in duba. Ya karɓi wayarsa ya tafi ƙauye haɗa kaya.

Da azahar ina faci na ji muryar Illo ta cikin kwano yana aikin kashi na sha ɗaya. A wurin, mijin na zaune cikin baƙar mota ana ruwa, yana doguwar waya. Sai na ji: "Jibi Alhamis za ni Isa da wake. A'a, ba ta titi ba, ta wajen Tozai, da sassahe, daga ni sai direba. Kak ka hwaɗa ma Likita."

Na buga kwanon na ce, "Kai! Wannan ba ita ce maganar da aka ce a rufe ba?"

Ya ce, "Bar ni in yi aikina, mai faci. Mutum na cikin mota a Koriya ana ruwa, wa za ya ɗauki maganatai? Ka taɓa ganin wake a bene?"

Na yi dariya. Allah ya yafe mini, dariya na yi na koma kan tayata. Da la'asar fim ya fita.

Ranar Alhamis kafin rana ta yi zafi labari ya iso. An tare su a wata kwana da hanya ta shiga rafi. Anas ya tsira da harsashi a cinya, ya ja ciki cikin dawa. Alhaji Yari an fito da shi daga mota aka harbe shi a fuska, sannan aka cinna wa motar wuta da waken a ciki. 'Yan sa-kai suka bi sawu, aka yi musayar wuta, suka kashe ɗaya daga cikin maharan suka kwaso bindigarsa da wayarsa. Da la'asar muka binne Alhaji. An rufe fuskar tun kafin a kawo shi, ba a bar kowa ya gani ba. Illo na cikin sahu, ya yi fari fat kamar an shafa masa toka.

Washegari da hantsi 'yan sa-kai suka zo, su kusan ashirin. Na farko ya sa gora ya tarwatsa faifan sola. Na biyu ya ɗaga kwamfutar ya maka ta da ƙasa. Wayoyin mutane da ke caji suka watse ana takawa. Suka jawo Illo ta ƙafa, kansa na bugun dakali, suka yi ta dukansa da gora da gindin bindiga tun yana karewa da hannu har hannun ya karye, na ji ƙarar da kunnena. Na ce, "Ku tsaya ku ji mana!" Wani ya juyo ya ba ni gora ɗaya a goshi. Da na tashi jini ya rufe mini ido ɗaya, kuma sun riga sun ɗaure shi a jikin durumin tsakiyar tasha.

Jama'a ta cika. Is'haƙa ya karɓi lasifikar mai tallan maganin basir, ya kara wayar ɗan bindigar a bakinta. Duk tasha ta ji muryar Illo: jibi Alhamis, Tozai, da sassafe, daga ni sai direba. An ji wannan magana kwana uku da suka wuce ana dariya. Yau ba wanda ya yi. Wani ya yi kabbara, wani ya ce a kawo taya, duwatsu suka fara sauka. Ɗaya ya fasa masa gira.

Is'haƙa ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya zare wuƙar fawa ya matso.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, wallahi."

"Da wa kake magana cikinsu? Hwaɗi suna in sauƙaƙa maka."

Illo ya tofar da jini ya ce, "Kwamanda, ni da ko lambar matata ba ta shiga?"

Ko a bakin kabari sai ya gwada. Ba wanda ya motsa. Is'haƙa ya mare shi da bayan wuƙar, ya ce a kwance shi a kai shi bayan mayanka.

Sai aka ga mutane na darewa. Tasalla ce. Hannuwanta duk man gyaɗa, mayafinta a karkace, ta ratso tsakiyar maza ba ta dubi kowa ba, ta zo ta tsaya tsakanin wuƙa da mijinta.

Is'haƙa ya ce, "Baiwar Allah, kauce. Nan ba wurin mata ba ne."

Ta ce, "Yaya Is'haƙa, Allah ya jiƙan Alhaji. Ban zo roƙo ba. Wayar da ke hannunka, akwai na bakwai ciki?"

"Mi ya dame ni da na bakwai?"

"Sa shi. In ka ji, ka yanka shi, ni za ni riƙe maka ƙahwa."

Ban san abin da ya sa ya yarda ba. Wataƙila don bai taɓa jin muryarta ba, kamar yawancinmu. Ya miƙa wa wani yaronsa na sa-kai, aka lalubo wurin, aka kara a lasifika. Likita ta fara. Tasalla ta ɗaga murya ta riga ta, tana faɗi wayar na bin ta a baya:

"Na binne uku. Kowane na ɗauke shi wata tara ni kaɗai, na binne shi ni kaɗai. Kai kana waje kana ba mutane dariya. Nonona na zuba, na rasa wanda za ni ba, kai ko dubana ba ka yi. In ni ce ba ka so, hwaɗa min. In tsoro kake ji, zo mu ji tare."

Ta tsaya. Wayar ta ƙarasa ita kaɗai. Mace ta faɗi irin wannan a tsakiyar tasha, gaban direbobi da mahauta da surukan mutane, wallahi da yawa sun gwammace a tuɓe su. Maza suka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Waɗanga ɗiya ba a Koriya suke ba. Suna maƙabartar gabas, ku kunka yi musu salla. Wagga magana cikin ɗakina na yi ta, ya ɗauka ya raba ma gari. To ni wa ya sayar ma? Wane ɗan daji ya aike shi ya tona ni? Mutumen ga ba infoma ba ne. Infoma shina da wayon ɓoye abu. Wanga rariya ne, abin da anka zuba mai duk sai ya zube. Na hi kowa sanin haka, shi ya sa na bar mai gidanai."

Wani tsoho mai sayar da igiya ya yi gyaran murya ya ce, "Gaskiya ta hwaɗi. Rigimar gado da ke cikin na ukku, tawa ce da ƙanena. A bencinai na yi ta." Wani direba ya ce zancen bashin surukai dai kada a tono, amma na biyar nasa ne. Mai nama ya ce shi ma ya ji kansa a na tara ya yi shiru don kunya. Nan da nan tasha ta kama guna-guni. Kowa ya san an taɓa shi, kowa ya yi dariyar na wani ya haɗiye nasa. Na share jinin idona na ce ina wurin lokacin da Alhaji ya yi maganar, ina ji aka sa ta a fim, kuma dariya na yi. In za a yanka, a haɗa da ni. Ban san bakina zai faɗi haka ba.

Limamin masallacin tasha ya matso ya ce, "Is'haƙa, wauta daban, cin amana daban. Kada ka ɗauki jinin da za a tambaye ka."

Is'haƙa ya ce, "Malam, da wauta da gangan, yayana na cikin ƙasa ba fuska." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ture Tasalla gefe, ya kama gashin Illo ya ɗaga haɓarsa, ya ɗora wuƙar a maƙogwaro. "Kai. Dube ni. Kai ka hwaɗi ko ba kai ba?"

Na yi zaton zai yi rantsuwa, ko ya sake neman abin dariya. Sai ya ce a hankali, "Ni na hwaɗi. A shagona ya yi maganar, ya ce a ruhe. Bakin ɗan Koriya ya yi tsawo, na rasa abin cikawa, na sa. Ba wanda ya aike ni. Alhaji bai taɓa yi min komi ba sai alheri."

Wuƙar ta ɗan shiga, jini ya gangaro cikin rigarsa. Tasalla ba ta yi kuka ba, ba ta kau da kai ba. Sai Is'haƙa ya janye wuƙar ya mayar kube. Ya sauke bindigarsa daga kafaɗa, ya juya ta, ya riƙe da hannu biyu.

Ya ce, "Bakin ne ya kashe shi. Bakin za ni karɓa."

Sau uku ya buga masa gindin bindigar a baki. Na farko haƙora suka zubo. Na biyu muƙamuƙi ya karye, ƙarar kamar an taka busasshen kara. Na uku Illo bai san an yi ba, kansa ya riga ya rataya. Is'haƙa ya juya ga jama'a ya ce in ya sake ganinsa a garin bayan ya iya tsayuwa, ko Liman ya kwanta a kansa sai ya yanka. Ya tafi, mutanensa suka bi shi.

Tasalla ce ta kwance igiyar da haƙoranta, don hannunta na santsi. Muka ɗora shi a amalanken mai ruwa muka tura zuwa asibiti. A hanya ya farfaɗo, ya kama bakin zanenta yana wani gurnani. Ta ce, "Yi shiru. Ba dawowa na yi ba, asibiti za ni kai ka."

Daga nan aka wuce da shi Sakkwato cikin ayarin da sojoji ke rakawa. Aka ɗaure muƙamuƙin da waya wata biyu, kunu yake sha ta tsinken roba. Ita ta yi jinyar. Da aka sallame shi ba su biyo ta gida ba, suka tsallaka iyaka, wani ƙauye kusa da Maraɗi inda take da ƙanwar uwa. Can suke har yau. Tana suyar ƙulinta, shi yana gyaran tocila da rediyo a gindin bishiya. Ba ta ce ta yafe ba, bai kuma sake ta ba. Bakin ya warke a karkace, magana na fita da ƙyar, sai ka matso ka kasa kunne. Kashi biyar da suka rage na fim ɗin ba wanda ya sa musu murya.

Anas direba ya warke, yana ɗingishi. Na tambaye shi ya fi sau goma. Wata rana ya ce tun asuba maharan ke tare duk motar da ta biyo rafin, su ne na uku. Wata rana kuma ya ce kamar ya ji ɗayansu ya kira Alhaji da suna kafin ya harba, amma ba zai rantse ba, don kunnensa ya toshe da ƙarar bindiga. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Bara na je sayen tayoyi Maraɗi na ratsa na gan su. Tasalla ta kawo mini fura ta koma kan kaskonta. Na kwashe labaran gari kaf na ba Illo, har da waɗanda na ƙara wa gishiri, ya yi ta gyaɗa kai. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin hanya, ya riƙe hannuna, ya matso da karkataccen bakinsa kusa da kunnena.

Ya ce, "Mai faci, tsakaninka da Allah. Daga bakina sunka ji?"

Na ce masa ban sani ba. Ya saki hannuna ya koma gindin bishiyarsa.